Warin motar Kawu da aka ɗora mini

Shekarun baya kaɗan, kawuna ya sawo mota mai caji ya kawo ta Bukkuyum. Ba ta shan mai, ba ta tari, ba ta hayaƙi, sai dai ka ga ta wuce ka shiru kamar aljani ya sa takalmin roba. Ya cika rufin gida da sola dominta, ya miƙo mini makulli ya ce ni ne direba. Daga rannan tafiyata ta sauya, ko gaisuwa sai na zaɓa nake amsawa.

Sharaɗi guda ya kafa mini: ban da kabu-kabu. Ina da laifuka, ban musa ba, buhu guda ba ya ɗauke su. Amma wannan ɗaya, wallahi na kiyaye.

Damina ta yi tsakiya, wata safiya munka kama hanyar Gummi. Ina kunna esi sai wani wari ya buso daga ramukan iska ya kwaɗa mana mari. Kun san tabarmar da ruwa ya jiƙa anka naɗe anka manta da ita bayan rumbu? To, kakarta ce. Kawu ya toshe hanci da hannun riga ya juyo.

"Kai ɗan nema, mi ka ɗauko cikin motag ga?"

"Wallahi Kawu, ba komi."

"Ba komi ka wari haka? Kihi na! An ce an gane ka bakin kasuwa."

"Kawu, kai hwa ka aike ni!"

"Rufa min baki. Jumma'a zan kai baƙi ɗaurin aure Anka. In hancina ya ji wanga abu, ka aje min makullina."

Jama'a, ni? Ni da ko akuyar Inna na ƙi ɗauka, har ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata! Kafin la'asar labari ya gama gari. 'Yan acaba na hango ni sai su ɗaga murya: "Direba, nawa kashin tarwaɗa?"

Inna ta tausaya, ta ce ba warin da ya gagari turaren wuta. Ta ciko kasko da garwashi, munka ajiye shi gaban kujera, munka rufe gilasai, na saki fanka ta zuƙe hayaƙin. Da munka buɗe, wari na nan daram, ya dai yi kwalliya. Kamar amarya ta faɗa kwata.

Na kai wa bakaniken garinmu. Ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya sake leƙawa, ya ce, "Ina injin?" Na ce babu. Ya rufe a hankali ya ce shi bai aiki da abin da ba shi da hanji.

Saura kwana biyu na nufi wani abokina mai gyaran firij a Gummi. Ya shinshina sau ɗaya ya tambaye ni, "In ka kunna esi, tana ɗigar da ruwa ƙasa?"

"Ko ɗigo. Kawu har yabonta shikai, wai ba ta fitsari."

Ya fashe da dariya ya shige ƙarƙashinta. Ashe akwai ɗan tiyon da ruwan esi ke bi ya zube, zanzaro ya samu bakinsa ya gina ɗaki, ya yaɓe shi tsaf da laka. Ruwa ya rasa hanya ya kwanta ciki yana ruɓa. Yana zura waya, ruwa ya tsiyayo baƙi ƙirin. Ya zaro filtar iska daga bayan akwatin gaba, duk ta yi fumfuna. Ya wanke wurin, washegari anka aiko sabuwa daga Sakkwato. Ya ce in riƙa kashe esi kafin in tsaya, in bar fanka ta busar da ciki. Sannan a daina lulluɓe ta da tamfol tana jiƙe.

Wa ke lulluɓe ta? Kawu! Da hannunsa, kullum, kamar jaririya.

Na ƙulle lakar da filtar a leda, na dire gabansa a zaure, cikin abokansa, ina huci. Ya duba, ya juya ta da sanda, ya ce, "To, ai na hwaɗi akwai abu cikin motar." Can ya ce, "Ka ci abinci?"

Shi ke nan fa. Ran Jumma'a ina tuƙi, iska na busowa garau, ina jin sa a baya yana ba baƙi labarin yadda shi ya gano zanzaro. Na riƙe sitiyari har yatsuna sunka yi tsami.

Abin da na koya, in babba ya ɗora maka laifi, gaskiya na iya wanke ka, amma kar ka tsaya jiran bakinsa. Makulli na aljihuna har yau. "Yi haƙuri" kuwa, ina jin a ƙasa ta taso daga Anka, shi ya sa ba ta iso ba.