Baƙin Da Ba Su Yi Sallama Ba

Ranakun aiki da yawa sun ɓace mini, amma Alhamis ɗin da duniya ta yi wa shafinmu na intanet ca tana nan a zuciyata kamar jiya. A shekarar 1999 ne, da kaka, ina ma'aikacin kwamfuta a ofishin wata ƙungiyar manoma da dillalan riɗi a Gumel. Membobinmu daga Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar suke. Shugabanmu shi ne Alhaji Ilu, dattijon da ba a raba zaurensa da baƙi. Sakatariya kuma Madam Rifkatu, 'yar Filato da ƙaramar hukuma ta ba mu aro, mace mai tabarau wadda ba ta son dogon zance. Ni ne ƙarami a muƙami, amma ni kaɗai na san inda ake dannawa.

Ku da kuka samu intanet a aljihu, bari in yi muku bayani. Kwamfuta ɗaya gare mu da layin tarho ɗaya. In za mu shiga intanet sai kwamfutar ta buga waya Kano, ta yi ta tsuwa kamar 'yan tsaki, in an taki sa'a ta haɗu. A lokacin akwai kamfanoni a ƙasashen waje da ke ba da fili kyauta a cikin babbar kwamfutarsu, ka gina shafinka, su kuma su liƙa tallarsu a sama. Sharaɗinsu shi ne, duk shafin da ya jawo cunkoson da ya takura wa maƙwabta, za su rufe shi. Na amince da sharaɗin ban karanta ba.

A Kano na haɗa shafin, don a can ne ake da na'urar shigar da hoto cikin kwamfuta. Na sa hotunan farin riɗinmu, da ɗakin ajiya, da Alhaji ya sha malum-malum. Na sa ɗan akwati mai ƙirga masu ziyara, da littafin baƙi inda mai ziyara zai rubuta gaisuwa ta faɗo cikin imel ɗinmu. Sannan na yi wani abu da ban gaya wa kowa ba. A can ƙasan shafin na dasa wata 'yar fulawa, in ka danna ta sai wasiƙa ta buɗe zuwa ga Rakiya, malamar firamare a Gagarawa, wadda murmushinta ya hana ni sukuni tun bikin wani abokina. A ganina, masoyin da ya rubuta sunan masoyiyarsa inda duk duniya za ta iya gani ya wuce duk jaruman littattafan da nake karantawa. Da na gama ɗora shafin, sai na naɗe faifan kwamfutar da komai ke ciki na kai mata kyauta. Na ce, "Zuciyata na cikin nan." Ko kwamfuta babu a makarantarsu, amma ta karɓa.

Wata uku masu ziyara ba sa wuce huɗu a mako, biyu daga ciki ni ne. Sai ga wani mai sayen riɗi daga ƙasar waje ya aiko da imel. Ya ce ranar Litinin zai zauna da abokan kasuwancinsa su duba hotunanmu, in sun gamsu zai turo wakili ya kwashe riɗin bana. Wannan shi ne cinikin da ƙungiya ta daɗe tana mafarki, kuma Madam ta faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa kujerata a kan shafin nan take tsaye.

Ranar Alhamis da la'asar, membobi sun dawo daga kasuwar Maigatari sun cika ofis, sai na buɗe shafin don in burge su. Akwatin ƙirga ya haukace. Duk sanda na sake buɗewa, lambar ta yi tsalle da dubbai. Ban tuna riɗi ba sam. Na ce a raina, duniya ta gano fulawar, ga masoya daga gabas da yamma suna karanta wasiƙata suna share hawaye.

Alhaji ya leƙo ya ce, "Malam Sabo, waɗannan duk baƙinmu ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, duk naka ne."

Ya yi kabbara, ya sa aka kawo tsire da lemo. Ana cikin ci imel ya shigo daga kamfanin. Suka ce suna ganin cunkoson da bai yi kama da na mutane ba, mu sauke shafin da kanmu na kwana biyu har abin ya lafa, in ba haka ba su za su rufe. Madam ta karanta ta fassara, ta ce, "Alhaji, mu bi shawararsu. Zuwa Lahadi mu mayar."

Alhaji ya ajiye tsinken tsire. "Rifkatu, tun da ubana ya bar mini zaure ban taɓa jan ƙyaure baƙo na tsaye ba. Yau mutane sun taso daga uwa duniya, sai in rufe musu ƙofa? A ce Gumel aka yi haka?"

Membobi suka ce, "Gaskiya ne, Alhaji!" Madam ta dube ni ta saman tabarau, tana jiran in yi magana a matsayina na mai sani. Ni kuwa da nake ganin masu karanta wasiƙata ake so a kora, sai na ce, "Hassada ce kawai, Madam."

Washegari da safe na buɗe shafin, babu riɗi, babu Alhaji, babu fulawa. Fari fat, sai layi ɗaya: an dakatar da wannan shafi. Alhaji ya zauna a benci ya cire hula. Can ya ce, "To, baƙin nan me suka ce? Karanta mini gaisuwarsu."

Na duba imel sama da ƙasa. Na ce, "Ba su rubuta komai ba."

"Ko mutum ɗaya?"

"Ko ɗaya, ranka ya daɗe."

"Dubban mutane su shigo gidanka, ba wanda ya yi sallama?" Ya mayar da hularsa. "Ashe ba baƙi na tara ba, fara ce ta sauka a gona. Rifkatu, kin fi ni gaskiya."

Madam ta ce in rubuta takardar roƙo. Na zage na cika shafi biyu, na kwatanta shafinmu da kurciyar da aka karya wa fiffike. Ta karɓi biro ta soke komai, ta bar layi huɗu: mu manoma ne, ba mu muka jawo cunkoson ba, muna da mai saye ranar Litinin, a taimaka.

Amsa ta zo ranar Asabar da hantsi, kuma a nan na koyi abin da ya faru. Wani ne, ba a san ko wane ne ba, ya sa kwamfutoci masu yawa su yi ta ƙwanƙwasa ƙofar shafinmu ba ƙaƙƙautawa, don babbar kwamfutar kamfanin ta gaji ta kasa yi wa kowa aiki. Ba riɗinmu ya dame shi ba, ƙofarmu ce kawai ta faɗo hannunsa. Kamfanin ya yarda ba laifinmu ba ne, ya ba mu sabon fili da sabon adireshi. Amma abin da ke tsohon shafin an share shi, sai mu ɗora daga kwafin da muka ajiye.

Madam ta miƙo hannu. "Kawo faifan."

Na sunkuyar da kai. "Yana Gagarawa."

"Yana me a Gagarawa?"

"Yana... ajiya."

Ta cire tabarau ta dube ni. "Sabo, ko a rijiya ka ajiye shi, ka dawo da shi yau."

Na hau babur ina addu'a har Gagarawa. Na tsaya a ƙofar gidan su Rakiya na rangaɗa sallama sau uku, don ranar na san darajar sallama. Rakiya ta fito zaure, na zayyana mata komai. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Wato zuciyar da ka ba ni, har da riɗi a ciki?"

"Da hoton Alhaji ma," na ce.

"Kuma yanzu ka zo karɓewa. A garinku haka ake kyauta?"

"Aro ne, Malama. Gobe zan dawo da ita."

Ta shiga ta fito da faifan naɗe cikin hankici, yana ta ƙamshin turaren wuta. Ta riƙe gefe ɗaya ta ƙi saki. "Wata uku ina juya abin nan, ko harafi ɗaya ban gani ba. In kana da magana, ka rubuta da biro yadda zan iya karantawa. Kuma ka san gidan nan akwai manya."

Ranar Lahadi, bayan Madam ta taso daga coci, muka taru mu uku. Na zura faifan ina tsoron hayaƙin turare ya cinye shi. Ya yi ƙara, ya yi shiru, sai ga farin riɗinmu ya bayyana. Layin Kano ya katse sau biyu, amma kafin la'asar komai ya hau, muka aika wa mai saye sabon adireshi. Madam ta ce za ta duba kowane lungu da kanta. Tana isa ƙasa ta ce, "Wannan fulawar ta mece ce?" Kafin in buɗe baki ta danna. Ta gyara murya ta fara karantawa da ƙarfi: "Ya ke hasken da ya fi na farin wata..."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Alhaji ya saurara har ƙarshe yana shafa gemu. Sannan ya ce, "Yanzu na gane wanda ya taya ni riƙe ƙofa ranar Alhamis. Cire wannan daga cikin riɗina. 'Yar gidan wa ce?" Na faɗa masa. Ya ce, "Na san ubanta, tare muke cin kasuwa. In wakilin nan ya zo ya tafi, ni zan je maka."

Ranar Litinin gaisuwa ta farko ta faɗo daga littafin baƙi, daga mai sayen. Alhaji ya sa na karanta masa sau biyu, ya ce, "Yauwa, wannan shi ne baƙo." Wakili ya zo, motoci suka yi lodi a Maigatari, kujerata ta tsira, Alhaji kuma ya cika alkawari.

Tun daga ranar ban ƙara ruɗuwa da lambar da ke gudu ba, sai in tambaya ko a cikinsu akwai wanda ya yi magana. Ina karanta sharaɗi kafin in amince, ina jin maganar mai gajeren zance, kuma kwafin aiki biyu nake yi, ɗaya a ofis. Wancan faifan na mayar wa mai shi kamar yadda na yi alkawari. Yana nan cikin akwatinta a ɗakinmu, babu sauran kwamfutar da ke karanta irinsa, amma har yau ba ta yarda kowa ya taɓa shi.