Yatsan da Ba Ya Shan Lalle

Ranar ƙunshin Munirat a unguwar Harra ta Gabas, kowa na kallon ƙafar amarya, ni kuwa na lura babban yatsan Inna Tasallah ba lalle. Shekara ashirin tana yi wa amare ƙunshi. Bara lalle ya rufe zanen yatsan, wayarta ta ƙi buɗewa, igamarta ta kusa ƙarewa ba ta sani ba, don yanzu a waya ake duba wannan takardar izinin zama a ƙasa.

Da ƙyar na iya tambayarta.

Ta ce, "'Yar nan, sauran yatsun ni ke da su. Wannan na hukuma ne."

Ta goge shi da mayafi, ta dangwala a wayar. Saura wata bakwai igamar ta ƙare. Ta ci gaba da kwaɓa lalle.