Waƙar da Na Yi Tarko da Ita

Ni ɗan mai wa'azi ne. An haife ni a wani ƙauye kudu da Maradi, inda gidajen Kirista ba su da yawa. Mahaifina ne ke buga ƙarfen kiran sujada ranar Lahadi, mahaifiyata kuma ita ce ke ɗaga waƙa. Kafin a sa ni lekkol, wato makarantar boko, na riga na haddace waƙoƙin majami'a kusan duka. Allah ya ba ni murya, ya kuma ba ni bakin lallashi. Idan yaro yana kuka a unguwarmu, ni ake kira. Ina gaya muku wannan ne, samari, don ku san ɓarawo yana iya fitowa daga gidan da ake addu'a safe da yamma.

Na bar gida da ƙuruciya. Na yi dako a Kano, na yi yaron mota a Kwatano, na yi gadi a Duwala, na yi aikin gona a Sabha. Faransanci na samo a lekkol, Larabci a Libiya, Fulatanci da Yarbanci a tashoshin mota. A duk wannan yawo ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Sai da furfura ta fara fito mini, na iso Tamanrasset, sannan na lalace.

Garin nan daban yake ga mai bi. A Kwatano ganguna ne ke tashe ka ranar Lahadi. A Duwala kafin ka kai bakin titi ka wuce majami'a uku. A nan Lahadi ranar aiki ce, Juma'a ake hutu. Bahaushe Kirista a unguwar Gataa El Oued yana kwana ɗaki ɗaya da 'yan garinsu, mutanen kirki, ana cin tuwo kwano ɗaya. Amma idan aka kira salla kowa ya miƙe ya fita, shi kaɗai zai rage a kan tabarma. Ba wanda ya zage shi. Ba kuma wanda zai ce masa, zo mu yi addu'a. Na ga ƙarti masu ɗaukar buhun siminti biyu sun rame saboda wannan kawai.

Akwai wata mata mai sayar da abinci, muna ce mata Mama Rahila. A ɗakinta muke taruwa da safiyar Juma'a, mu rufe ƙofa, mu yi waƙa ƙasa-ƙasa. Mu kaɗan ne, kuma ba a tambayar mutum addininsa a bakin titi. Sai na samo dabara. Idan na je inda leburori ke jiran motar aiki da safe, sai in rera wata waƙar godiya da muke yi lokacin kaka, baki a rufe, ta hanci kawai. Wanda bai san ta ba zai ɗauka tsoho ne ke ɗebe wa kansa kewa. Wanda ya san ta kuwa sai ya ɗaga kai. Da haka na kawo mutane da dama ɗakin Mama Rahila, kuma Allah ne shaida, da farko da zuciya ɗaya na yi.

A nan kowane baƙo yana da mai ajiya. Ana iya yin kame kowane lokaci, a loda mutum a mota sai bakin iyaka, da rigar da ke jikinsa kawai. Saboda haka ba mai barin abinsa mai daraja a inda yake kwana. Musulmi sukan kai wa ɗan kasuwar garinsu. 'Yan'uwanmu ba su da kowa sai ni. Ni ne dattijo, ina da ɗaki ni kaɗai da kwado a ƙofa, kuma ni ne na yi musu waƙa.

Na farkon da na cuta wani ne ɗan wajen Zinder. An kama shi, jakarsa ta daɗe a ƙarƙashin gadona, ba labari. Na yi ciwon baya na kasa fita aiki. Na buɗe jakar na ɗauki wayarsa na sayar, na ce wa kaina idan ya dawo zan saya masa wata. Bai dawo ba. Na biyu bai yi mini nauyi kamar na farko ba. Kafin in farga, idan na ji an yi kame, abin da ke fara zuwa raina shi ne jakar wa ta zama tawa. Na ci gaba da zuwa bakin titi ina rera waƙar, amma yanzu idan mutum ya ɗaga kai, takalminsa da agogonsa nake fara dubawa.

Haka na sami Ishaya. Mai shimfiɗa karo ne, wato tayil na daɓen gida, ɗan wajen Dogondutsi, mutum ne marar yawan magana. Da ya ji waƙar bai ɗaga kai kawai ba, tasowa ya yi ya tsuguna a gabana. Ya ce, "Baba, tun da na shigo garin nan ban ji wannan ba." Ashe matarsa ta rasu a gida, bai sami zuwa jana'iza ba, kuma bai gaya wa kowa ba. Muka koma bayan wani gini. Na ɗora masa hannu na yi addu'a, yana kuka kamar yaro. Na gaya masa Ubangiji bai manta da shi ba. Maganar gaskiya ce. Amma ina yin ta, idona yana kan injin yankan karo da ya ajiye a gefe.

Ishaya ya farfaɗo a ɗakin Mama Rahila. Ya fara dariya, ya fara cin abinci sosai, har Mama tana tsokanarsa wai zai karya mata jari. Duk yamma idan ya tashi daga aiki sai ya kawo injin ɗakina, da safe ya ɗauka. Injin na patron ɗinsa ne, wato maigidansa, wani Balarabe mai gini a unguwar Sersouf.

Wata safiya aka yi kame aka haɗa da shi. Ban bari ko Juma'a ta zagayo ba na kai injin kasuwa. Ranar Juma'ar kuma ni na jagoranci addu'a, na roƙi Allah ya kiyaye ɗan'uwanmu Ishaya a cikin hamada. Kowa ya ce amin.

Ba a kai shi hamadar ba. Patron yana son a gama masa gida, sai ya bi sawu ya fito da shi. Na ji ana ƙwanƙwasa ƙofata, na buɗe, ga Ishaya yana murmushi. Ya ce, "Baba, addu'arku ta karɓu. Na zo ɗaukar inji." Na ce masa jandarma sun shigo sun kwashe komai. Ya yarda. Har haƙuri ya ba ni. Patron ne bai yarda ba. Ya zaga kasuwa ya ga injinsa da alamar fentin da ya sa masa, mai shagon kuma ya nuna ni.

A buron 'yan sanda, wato ofishinsu, an zube jakunkunan da aka samu a ɗakina, duk babu komai a ciki. Ishaya bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Baba, abu ɗaya zan tambaye ka. Ranar da ka ɗora mini hannu a bayan ginin nan, da gaske kake yi, ko tun lokacin ne?"

Aka kai ni kaso, wato gidan yari, kuma a can ba duka ne ya fi ci mini rai ba, shiru ne. Ana kirana in yi tafinta tsakanin masu gadi da fursunoni, in juya maganar wannan zuwa Larabci, ta wancan zuwa Faransanci, amma ni kaina ba mai tambayata yaya na kwana. Ranar ziyara a kira sunaye, ni in juya fuska bango. Na yi ƙoƙarin addu'a na kasa, domin duk kalmar da na ɗauko sai in tuna na riga na yi ciniki da ita.

Wata rana muna shan rana a tsakar gidan kaso, na ji wani a bayana yana rera waƙar nan ta kaka, baki a rufe. Ban ɗaga kai ba. Na san wannan aikin, ni na ƙirƙiro shi. Na ce a raina, wannan bargona yake so ko rabon burodina. Kullum sai ya rera, kullum ina kallon ƙasa. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, muna haka. Ku duba irin hukuncin da na yanke wa kaina. Ina mutuwa da ƙishin ɗan'uwa, ga shi a bayana, na kasa juyawa.

Shi ne ya gaji ya zo ya zauna kusa da ni. Sa'ana ne, makanike daga wajen Zariya, sunansa Bitrus, takardun bogi suka kawo shi. Da yake ni daga ƙasar da ake jin Faransanci nake, sai ya ce, "Kai mutumin Faransa, wuyanka ne ya ƙage? Na daɗe ina ganin leɓenka yana bin waƙar."

Na ce, "Me kake so a wurina?"

Ya dube ni sama da ƙasa ya yi dariya. "Me gare ka? Wannan bargon da ƙwarƙwata suka riga ni?"

Na gaya masa komai, don ya tashi ya ba ni wuri. Ya saurara har ƙarshe. Bai ce ba komai ba ne. Ya ce, "Ka yi mugun abu, ɗan'uwa. Amma waƙar ba taka ba ce da za ka lalata ta. Ni na manta baiti na uku, kai ɗan mai wa'azi ne, tuna mini." Na ce masa ba zan iya ba. Ya ce ba gaggawa, gobe ma muna nan, ba inda za mu.

Bitrus bai taɓa yi mini wa'azi ba. Kullum da safe zai ce, "Ka kwana, mutumin Faransa? Ubangiji ma bai yi barci ba." Idan ya ga na koma kallon bango sai ya zo ya dame ni da gardamar wai tuwon Maradi bai kai na Zariya ba. A gefensa na sake koyon addu'a, na roƙi gafarar Yesu da bakin da na yi ƙarya da sunansa. An sake shi kafin ni. Bai karɓi komai a hannuna ba, ban kuma sake ganinsa ba.

Da wa'adina ya cika aka kai ni bakin iyaka. Ina iya wucewa gida, amma na dawo. Wani tsohon Buzu ya ɗauke ni ban ruwa a lambunsa a Outoul, can bayan gari. Juma'ar farko na je ɗakin Mama Rahila. Ta dube ni ta ce, "Shigo. Ɗakin ba nawa ba ne ranar Juma'a." Mutanen sun ragu ƙwarai. Na tsaya a gabansu na faɗi abin da na yi. Da aka tashi na tambayi Mama Rahila labarin Ishaya. Ta ce tun ranar buron 'yan sanda bai sake tako ƙofar ba. Ta aika, ta je da kanta, ya ce ta bar shi.

Na same shi a wani gini yana durƙushe yana jera karo. Ya rame fiye da ranar da na fara ganinsa. Ban rera komai ba, sallama na yi. Na ce na zo neman gafara. Bai bar aikinsa ba. Ya ce, "Ka san abin da ka yi mini? Yanzu ko wa ya ce mini Allah yana tare da ni, hannunsa nake kallo."

Na ce, "Mama Rahila ba ta ci amanarka ba. Sauran ma ba su ci ba. Ni ne. Ka koma wurinsu."

Ya goge siminti daga hannunsa. Ya ce, "Ba zan iya rufe ido in yi addu'a kana cikin ɗakin ba, Baba. Na gwada a raina, ba zan iya ba."

Na ce, "To ba za ka same ni ba."

Tun daga ranar ban sake shiga ɗakin nan ba. Mama Rahila ta ce wannan ba daidai ba ne, majami'a ta masu zunubi ce. Na ce haka ne, amma ni an riga an aiko mini Bitrus, Ishaya kuwa ni aka aiko masa. Ya ɗauki lokaci kafin ya koma. Da farko a bakin ƙofa yake zama, ba ya waƙa. Kwanan baya Mama ta zo sayen tumatir a lambu, ta gaya mini yanzu shi ke ɗaga waƙa, kuma ya kawo wani sabon zuwa da ya tsinta a wurin aiki. Bai aiko mini da gaisuwa ba. Ban kuma tambaya ba.

Samari, musamman ku da za ku fita neman abinci a ƙasar da ba a jin ƙarfen Lahadi, ku ji ni. Za ku haɗu da ɗan'uwa wanda kalma ɗaya za ta tsayar da shi a kan ƙafafunsa. Ku faɗa masa ita, kada ku yi rowa, kada ku jira sai kun zama fasto. Ku tambaye shi yaya ya kwana, gobe ma ku sake tambaya. Amma idan kun ƙarfafa mutum, ku bar shi ya tafi da duk abin da ya zo da shi. Ranar da kuka ji bakinku yana ambaton Ubangiji idonku kuma yana kan jakar mutum, ku yi shiru, ku tashi daga wurin. Abin ajiya kuma ko mai shi ya shekara goma bai dawo ba, ba naku ba ne.

Ni dai ranar Juma'a da safe, lokacin da na san sun rufe ƙofa a Gataa El Oued, sai in buɗe ruwa ya bi kunyoyin tumatir, in tsaya a tsakiyar lambu in yi waƙar da baki buɗe, har baiti na uku. Ba mai ɗaga kai sai jakin tsohon Buzu. Amma na san a can cikin gari akwai wanda ya rufe ido yana yin ta.