Ranar Da Mukaila Ya Buɗe Kwalba Gaban Surukinsa

Mukaila ɗan zangon Kumasi ne. Ya zo Dubai a 2010, aka ɗauke shi aiki a wani otel na bakin teku. A gida ya ce musu sito yake tsaro. Gaskiyar ita ce a zauren biki yake, shi ke buɗe giyar inabi mai kumfa da ake kira shamfen. Aure ne, ƙarin girma ne, haihuwa ce, sai an fasa ta. Bai taɓa kurɓa ba. Amma hannunsa ya iya ƙwarai, har amare kan ce shi suke so. In ya koma ɗakinsu a Hor Al Anz, sai ya wanke hannu da sabulu kafin ya yi alwala.

Matarsa Wasila ta haihu a Kumasi. Ranar suna ta faɗo daidai lokacin da mahaifinta, Alhaji Abdul-Karim, ya zo sarin kaya a Al Buteen, nan Dubai. Mukaila ya dafa shinkafa da wake, ya gayyace shi walima bayan azahar.

Ana cikin ci sai ga Clement, abokin ɗakinsa, mutumin Kafanchan mai gyaran na'urar sanyi, da kwalba a hammata.

"Baba, kada ka tsorata, ruwan inabi ne zalla, babu giya. A wajenmu ba a haihuwa shiru."

Alhaji ya karanta jikin kwalbar a tsanake, ya ce to.

Clement ya kwance wayar murfin, ya shiga kokawa da shi, bakin kwalbar yana kallon fuskar tsohon. Mukaila ya san abin da murfin nan ke yi wa ido. Kafin ya yi tunani ya fizge ta. Ya rataya tawul a hannu, ya dafe murfin, ya karkata kwalbar, ya murza gindinta a hankali. Ta buɗe da ɗan huci kawai, ko ɗigo bai zuba ba. Ya zuba wa Alhaji, hannu ɗaya a bayansa, ya ɗan rusuna kamar yadda aka koya masa.

"Kai, habibi!" in ji Clement yana dariya. "Shi ya sa amaren Turawa ba sa yarda da kowa sai kai!"

Sai Clement ya gane ya yi suɓul da baka, ya sunkuyar da kai.

Alhaji ya dubi kumfar da ke tashi a kofin.

"Mukaila, a sito ake koyar da wannan?"

"A'a, Baba."

"Ta gasken kake zuba musu?"

"Ita ce, Baba. Amma wallahi ban taɓa sha ba."

"Ban tambaye ka sha ba."

Tawul ɗin yana nan rataye a hannun Mukaila, ya rasa inda zai ajiye shi. Ya so tsohon ya zage shi ya huta, amma Alhaji ya ci gaba da cin shinkafarsa har ya suɗe hannu.

Da ya tashi tafiya, Mukaila ya raka shi bakin matakala.

"Aikinka tsakaninka da Allah ne, ka nemi wani in ka samu," in ji Alhaji. "Amma 'yata ba za ta ji daga bakina ba."

Mukaila ya soma godiya. Tsohon ya ciro wayarsa, ya danna lambar Wasila, ya miƙa masa.

"Ungo. Tana shiga."