Hannun da Na Miƙa wa Allurar Barci

A shekarun da kuɗin mai ya cika Libreville, ina zaune a unguwar Lalala ina aikin wuyan riga da allura da zare. Alhazan kasuwa kowa so yake a gan shi da aska takwas, ni kuwa hannuna na dama shi ne gonata.

Sai ƙaba ta matsa mini, aka ce sai an yi aiki. A ɗakin tiyata wata ma'aikaciya ta zo sa allurar barci, ta kamo hannuna na hagu. Ni ɗan Kano, yaushe zan miƙa wa babbar mace hagu? Na janye shi na ba ta dama. Ta ɗaga kafaɗa ta soka a bayan hannun. Na ji kamar an ɗura mini barkono a jijiya, kafin in buɗe baki barci ya ɗauke ni.

Aikin ya yi kyau, hannun ne ya ƙi. Bayan an sallame ni jijiyar ta yi ja, ta yi tauri kamar igiya har gwiwar hannu, yatsu suka kumbura, ko zare ba na iya sa wa allura. Na tsorata ƙwarai, don mata da 'ya'ya suna gida suna jiran abin da hannun nan zai aika.

Mutanenmu, Allah ya saka musu, kowa likita ne. Bayan la'asar suka yanke cewa mataccen jini ne, aka kira wani wanzami ɗan Garwa don ya yi tsaga ya kafa ƙaho. Har ya shimfiɗa tabarma yana wasa aska, sai ga mai gidan da nake haya, wata dattijuwa 'yar ƙasar, Kirista, wadda ta taɓa aikin jinya. Maman muke ce mata, wato Mama da Faransanci. Ta latsa jijiyar, sannan ta zauna daram a tabarmar wanzami ta ƙi tashi.

"Ɗana, in aka yanka nan, ka gama ɗinki," ta ce da Faransanci.

Haushi ya kama ni, ta ba ni kunya a gaban manya. Ba ta kula ba, ta tare taksi ta tura ni ciki. Likita ya ce maganin barcin ne ya ƙona jijiyar, jini ya daskare a ciki, da an tsaga da ciwon ya ruɓe. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce a riƙa gasawa da tsumma mai ɗumi, a ɗaga hannun sama. Maman ce ta riƙa gasa mini kullum safe, ta rataye hannun a taga da ɗankwalinta, tana yi tana faɗa.

Faransancina na ciniki ne, bai isa godiya ba. Da yatsun suka saki, sai na karɓi rigarta ta zuwa coci na yi mata aiki a wuya. Hannun na rawa, ɗinkin ya fito a karkace, abin da ko ina koyo ban taɓa yi ba. Na roƙe ta in warware in sake, ta ƙwace rigarta. Da ita take zuwa coci duk Lahadi har ta rasu, kuma 'yarta ta ce a cikinta aka binne ta.