Kwandon da Alhaji Isufu bai kashe bakinsa ba

Bana shekara shida ke nan da muka binne Alhaji Isufu a nan Greensboro ta Amurka, kuma har yanzu in na bi ta titin Wendover da yamma, na ga ma'aikata suna fitowa daga manyan ɗakunan ajiyar kaya, sai na rage gudun tasi ina duba fuskoki. Na san ba ya cikinsu. Sabo ne, kuma sabo turken wawa.

Shi Bakabe ne daga wajen Gaya ta Nijar, ni Bakatsine daga Maraɗi, don haka tun ranar da muka haɗu a masallaci wasa ya shiga tsakaninmu. Ya ce ni bawansa ne, na ce ban taɓa ganin ubangida mai ƙarnin kifi ba. Shi ya ja ni zuwa ruwa. Wani dattijo Bature da suke aiki tare ya koya masa irin fatsar mutanen nan, wadda ba a sa tana, sai a ɗaura gashin tsuntsu a ƙugiya ya yi kama da ƙwaro, a riƙa kaɗa doguwar igiya a sama har ta sauka kan ruwa. Alhaji ɗan masunta ne, nan da nan hannunsa ya faɗa. Ni kuwa na fi kama rassan itace da hular kaina.

Wahalar wannan fatsa ita ce da hannu ake janyo igiyar, kamu bayan kamu, sai ta taru a ƙafafunka, ta sarƙe da ciyawa, ka taka ta, kifi ya tafi abinsa. Shi ya sa ake ɗaura ɗan kwando a ƙugu, igiyar ta riƙa zuba ciki. A kan wannan kwando muka yi shekaru muna musu, kamar gādo muke rabawa.

Ni na kanti na saya. Robar tana da ƙarfi, ba nauyi, an lanƙwasa ta yadda za ta zauna a jiki, a gindinta akwai 'yan tsinaye da ke hana igiya cukurkuɗewa. Gaskiya ba shi da laifi, har yau ina faɗa. Alhaji ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce da guntun Faransancinsa, "Bon, Malam Habu, ka sayo tasar wanke jarirai." Shi nasa saƙawa ya yi. Siraran madaurin roba da ake ɗaure kwalaye da su, waɗanda ake yankewa a zubar a wurin aikinsu, su yake tsincewa ya kawo gida, kore da rawaya da shuɗi, ya zauna a baranda yana saƙa su yadda mahaifiyarsa ke saƙa kaba. Kwandon ya fi nawa nauyi, kuma in ka hango shi a ƙugunsa sai ka ce cefane zai tafi. Amma ruwa ba ya zama a ciki, in wuri ya tsinke kuma a nan bakin tafki zai gyara. Kullum maganarsa, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Akwai wani tafki a gonar dawakai can wajen Summerfield da mai gonar ya yarje mana. Ranar Asabar bayan asuba muke tafiya, da shayi a fulas da burodi. Kifayen wurin suna kama da karfasa, ba su da girma, amma ba don su muke zuwa ba. A nan kaɗai nake jin Alhaji yana maganar gida ba tare da muryarsa ta yi nauyi ba. Ina kewar waɗannan safiyoyi, kewa mai tsanani.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu ba sai ka je kanti ba, ta kwamfuta za ka zaɓi kwando kala-kala a kawo maka har ƙofa, akwai ma na yadi da ake naɗewa a sa aljihu. Na tabbata zai yi dariya ya ce saura a sayar mana da kifin a maƙale a ƙugiya. Amma ina jin abin da zai fi damunsa shi ne wurin aikinsu da ya rage ma'aikata bara, da samarinmu da ke aiki biyu ba su da ko Asabar ɗin da za su zauna a bakin ruwa.

A kakarsa ta ƙarshe ya ce ya gaji da ganin bawansa da tasar jarirai, zai saƙa mini na mutane. Ya fara, ya yi gindi, ya tada gefe. Ciwon zuciya ya ɗauke shi kafin sanyi ya shigo sosai. Bayan matarsa Hajiya Rabi ta fita takaba, ta aiko mini da kwandon a leda. Komai ya kammala sai baki. Silayen suna tsaye cirko-cirko, ba a lanƙwasa su an kashe ba, kuma kashe baki shi ne abin da ke riƙe saƙa. Na kai wa matan Nijar biyu da suka iya faifai, duk suka ce ba irin nasu ba ne.

Sai na rataye shi a falo. Dalilina a fili yake: in na kai shi ruwa zai warware, kuma shi ne abu na ƙarshe da hannun Alhaji ya taɓa. In na bar shi a bango zai daɗe. Shekara huɗu yana nan, ni kuma ina zuwa tafki da na kanti, ni kaɗai.

Wata Sallah Hajiya Rabi ta zo gaida maiɗakina, ta ɗaga kai ta gan shi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam Habu, da ya san bango za ka ba, da agogo ya saya maka. Mutumin nan har yatsunsa suka fashe a kan abin nan."

Asabar ɗin da ta biyo na ɗaura shi. Ya zauna a ƙuguna daram, igiya ta zuba ciki ta fita ba gardama. Kuma abin da na ji tsoro ya faru, kafin mu kai damina layin sama ya zame. Na roƙi wani ɗan garin Alhaji da ke wurin aikinsu ya tsinto mini madauri, na zauna a baranda ina kallon yadda nasa suka bi ta kan juna, ina kwaikwayo. Saƙata karkatacciya ce, ko makaho ya shafa zai gane inda hannunsa ya tsaya nawa ya fara. Bakin kuma har yau ban iya kashe shi ba, ƙulli kawai nake yi.

Alhaji bai bar gida a ƙasar nan ba, bai bar suna a jikin wani gini ba. Ya bar mata mai faɗin gaskiya, da 'ya'ya masu salla, da Bakatsine ɗaya da ya koya wa zama shiru a gaban ruwa. Allah Ya yi masa rahama, Ya sanyaya makwancinsa. Kowace shekara silayensa suna raguwa a jikin kwandon, nawa suna ƙaruwa, kuma na san ranar tana tafe da ba za a sami ko ɗaya nasa ba. Ranar ma, duk wanda ya tambaye ni wa ya saƙa, Alhaji Isufu zan ce.