Tsakanin Turke Biyu

Mai Keke ake ce mata, saboda keken ɗinkin da ta ƙare rayuwarta a kai. Ƙawata ce, Allah ya jiƙanta. Ɗan ɗakinta kullum cike da ƙyallaye da zare, ga almakashin da ko jikanta ba ta yarda ya taɓa. 'Ya'ya biyar ta raina har ta aurar, amma in aka tambaye ta, shida take cewa.

Na farin bai zo da rai ba. Ita ma jini ya kusa tafiya da ita, ta kwana ba ta san inda kanta yake ba. Ta farfaɗo ta tarar har an binne shi. Surukarta ta hana a faɗa mata wurin, wai kada abin ya zauna mata a rai. Mijinta ya riƙe maganar uwarsa har ya koma ga Allah. Su a ganinsu tausayi ne. Ita kuwa shekara arba'in da ɗoriya tana ɗinka wa jariran mutane riguna, ba ta san inda nata yake kwance ba.

Da ciwo ya fara cin ƙarfinta, ta ce ba za ta tafi a haka ba. Cikin waɗanda suka kai yaron makwancinsa saura ƙanin mijinta, tsohon direba. Ta same shi a ƙofar gida yana fama da rediyo.

"A'a, matarmu! Yau kin tuna da mijin naki?"

"Mijin da ba haƙori? Tashi ka raka ni."

"Ina kuma?"

"Inda kuka kai mini yarona."

Ya kashe rediyon. "Inna ta ce kada a faɗa."

"Inna tana can wurinsa. Ni kaɗai aka bari a duhu."

Ya jawo takalmansa. Suka tafi a hankali, tsoho da tsohuwa, har maƙabartar bayan kasuwa. Bai nufi ƙofa ba, sai ya bi jikin katanga ta waje. Ya ce jarirai a gindin katanga ake sa su, daga ciki, kuma ranar ya jingine kekensa da turken lantarkin da ke saitin kabarin. Ya dubi wannan turke, ya dubi na gaba.

"Ko nan, ko can. Wallahi na kasa rabewa. Ki yafe mini."

Ba ta ji shi ba. Titin take kallo. Hanyarta ce ta zuwa sayen zare, tun tana amarya.

"Ashe wuce shi nake ta yi," ta ce, "ko sallama ban taɓa yi masa ba."

"Ni na riƙe shi," in ji direban. "Da nauyinsa, gashi cike da kai. Kunnuwan nan naki sak."

"Ka ji sharri! Ya rasa abin ɗauka sai kunne?" Ta yi dariya, hawaye na bin kuncinta.

Ba ta sake neman wani ya tantance mata ba. Watannin da suka rage mata, duk ranar da ƙafa ta yarda, takan je ta dafa katangar daga turken farko, ta bi ta da tafin hannu har na biyu, tana addu'a ƙasa-ƙasa. Ta ce mini ta haka dai ba yadda za a yi ta tsallake shi.